Zanzibar: Tsaron Kai da na Kaya, Yadda Na Gani da Idona

Sana'ata sayar da kayan yaji da na ƙamshi a kasuwar Wunti a Bauchi: kanumfari, citta, masoro, kimba, kirfa. Tun ina yaron shago nake jin manyanmu suna ambaton Zanzibar duk lokacin da aka kwance buhun kanumfari mai kyau. Shi ya sa da Allah ya hore mini abin tafiya ban yi tunanin Dubai ko Masar ba, na ce zan je in ga bishiyar da nake cin abinci albarkacin furenta. Na tafi tare da maiɗakina. Tun da muka dawo kuwa tambaya ɗaya ake yi mini, a shago da ƙofar masallaci da wurin ɗaurin aure: akwai tsaro kuwa? Babu ɓarayi? Amsar ta fi ƙarfin i ko a'a, don haka na zauna in rubuta ta.

Tsaron matafiyi tun daga gida yake farawa. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar da aka yi da Tanganyika a watan Afrilun 1964, saboda haka bizar Tanzaniya ake nema. Ɗan Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgi, ta intanet ake nema a jira amincewa, kuma tana iya ɗaukar makonni. A nan ne 'yan damfara suke fara tare hanya, da shafukan da suka yi kama da na gwamnati da kuma masu cewa suna da hanyar cikin gida. Ni a shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya na cike, wani yaron maƙwabcina da ya iya kwamfuta yana taya ni. Sai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya. Sai kuma inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi daga 1 ga Oktoba 2024, dala 44 kowane mutum, wadda ita ma a shafinsu na hukuma ake saye. Kowace takarda na yi mata kofi biyu. Ɗaya ya shiga jakar maiɗakina, ɗaya na bar wa ƙanina a Bauchi, na kuma ɗauki hotonsu na tura wa kaina ta imel, don hoton da ke cikin waya kaɗai yana tafiya tare da wayar ranar da ta tafi.

Kuɗi kuwa lalita ta ɗauke su. Mu mutanen kasuwa mun san amfaninta tun kafin a ƙirƙiro katin banki, kuma har yau ban ga abin da ya kai ta ba: tana ɗaure a ƙugu, riga ta rufe ta, babu hannun da zai kai gare ta ba ka ji ba. Na raba dalolin gida uku, wasu a lalitata, wasu a aljihun da maiɗakina ta sa tela ya ɗinka mata a cikin siket, kaɗan a aljihun gaba don ƙananan buƙatu. Wanda zai sayi dala wurin 'yan canji ya duba shekarar bugu, domin a can tsofaffin bugu ba sa karɓuwa, haka wadda ta yage ko aka yi rubutu a kanta. Katin naira kuma kada mutum ya jingina da shi sai ya tambayi bankinsa ya tabbatar yana aiki a waje.

Inda muka ɗan ja da maiɗakina shi ne batun gwal. Ta ce, "Malam, a ce za ni ƙasar waje wuyana fayau?" Na ce mata ɗan kunne ƙarami ya isa, sarƙa da awarwaro su zauna gida. Ba ta so ba, amma ta bari. Daga baya da ta ga yadda matan garin suke fita, kallabi da zane da abaya babu wani ƙyalƙyali, ita da kanta ta ce gara da aka bari.

Daga Bauchi muka bi ta Jos zuwa Abuja, muka hau jirgin Habasha, muka sauya a Adis Ababa, muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume da ke Unguja, babban tsibirin. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Tun kafin mu tashi na roƙi masaukinmu ya turo direba, na karɓi sunansa da lambar motarsa. Da muka fito da kaya mutane suka taso, kowa yana cewa tasi, wani ma ya kama hannun akwatina. Na riƙe abina na yi murmushi na ce ana jirana. Wanda ba shi da mai ɗaukarsa ya nemi tasi mai rajista, a yi ciniki a gama kafin a saka kaya a but, a kuma fayyace ko kuɗin na motar ne gaba ɗaya ko na kowane mutum.

Tsohon birnin, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, baƙi kuma Stone Town, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a shekarar 2000. Gidaje ne dogaye na dutsen teku, da ƙofofin katako masu sassaƙa, wasu da ƙusoshin tagulla, da lunguna matsattsu waɗanda mota ba ta shiga sai babur da keke. Nan ne sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mai da fadarsa a ƙarni na 19, a zamaninsa ne kuma noman kanumfari ya bunƙasa da ƙarfin bayi. An rufe babbar kasuwar bayin a 1873, aka gina cocin Angilika a wurin. Na shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a can, na fito jikina a sanyaye, domin ban taɓa haɗa ƙamshin da nake aunawa a mudu da wannan tarihin ba.

Abin da na fi so in faɗa wa ɗan uwana Bahaushe shi ne wannan. Haɗarinmu a Zanzibar ba yawan ɓarayi ba ne. Haɗarin shi ne garin yana kwantar mana da hankali fiye da kima. Da asuba kiran salla ke tashe ka daga kusurwa huɗu. Ka fita ka ga dattawa da hula da farar jallabiya suna shan gahawa a dakali, yara da allo, mata a lulluɓe. Ka yi sallama a amsa maka da fara'a, a masallaci a matsa maka a sahu, ko da yake su Shafi'iyya ne akasarinsu. Nan da nan sai zuciya ta ce ai gida na zo. Daga nan sai a ajiye waya a kan teburin mai shayi, a bar jaka a ƙofar masallaci tare da takalma, a ciro damin kuɗi a tsakiyar kasuwa. Mutanen kirki ne ƙwarai, na shaida. Amma gari ne da dubban baƙi ke shigowa da abin hannunsu, a tsakiyar matasa da yawa marasa aikin yi, kuma duk inda aka haɗa waɗannan biyun za a samu mai ɗan hali. Mu da muka san sara-suka da ƙwacen waya a unguwanninmu ba mu da bakin raina garin wani. Abin da ya kamace mu shi ne mu tafi da irin kular da muke yi a gida, kada mu sauke ta a filin jirgi.

Mai masaukinmu dattijo ne, ya yi aikin jirgin ruwa a ƙuruciyarsa, yana jin Larabci da Turanci, da su muka riƙa lallaɓawa. Baba nake ce masa. Daren farko ya zaunar da mu a tsakar gida ya kawo shayi mai kanumfari, ya ce in ba shi fasfo da manyan kuɗi ya saka a akwatin ƙarfe, ya rubuta mini takarda ya sa hannu. Na ƙirga a gabansa, ya ƙirga a gabana. Ya ce in riƙa yawo da kofin fasfo kawai. Ya ce lungunan da ke da shaguna da fitilu babu komai ko da dare, amma in na ga lungu ya yi duhu ya yi tsit, in juya, in kuma na ɓata in tambayi mai shago ko mace mai tafiya da yara, kada in tsaya ina latsa waya a kan kwana. Sannan ya faɗi maganar da ta fi tsaya mini a rai.

Ya ce, "Ɗana, in Allah ya ƙaddara wani ya zare maka abu a kasuwa, kada ka ɗaga murya ka ce ɓarawo. Jama'a ba sa tsayawa tambaya. Kafin 'yan sanda su zo an gama da yaron, wataƙila ma ba shi ne ya ɗauka ba."

Na yi shiru, domin na san abin da yake nufi. Na taɓa ganin irin wannan taron a ƙasarmu, kuma ba na fatan in sake gani. Waya nawa take da za a zubar da jini a kanta? Tun daga ranar na fara kallon tsaron kayana da wani ido dabam. Wanda ya adana abinsa bai tsare dukiyarsa kaɗai ba. Ya tsare yaron da zai iya faɗawa cikin jaraba, ya tsare mai sharar ɗaki daga zargin da zai raba ta da aikinta, ya tsare bakinsa daga ɗora wa bawan Allah abin da bai gani da idonsa ba. Hausawa sun ce tsaron kaya ya fi ban cigiya, kuma a ƙasar da ba ka jin yarenta cigiyar ma ba ka san yadda za ka ba da ita ba.

Kasuwar Darajani ita ce wurin da na fi daɗewa, don nan ne idona ya ga abin da ya zo nema: tulin kanumfari, kirfa a naɗe, barkono baƙi, gyaɗar ƙamshi, ga ɓangaren kifi mai ƙarni da hayaniya. Cunkoso ne sosai, kuma cunkoso gonar 'yan sane ce a ko'ina. Maiɗakina ta rataya jakarta ta gaba a ƙarƙashin hijabi, ni kuma ban sa komai a aljihun gefe na kaftani ba, don wannan aljihun a buɗe yake ga kowa. Akwai wani abu game da kuɗinsu da ya kamata a sani. Takarda mafi girma ita ce ta shilin 10,000, saboda haka in ka canza dala ɗari biyu sai a miƙo maka dami. Na riƙa canji a shagon canji mai lasisi, in ƙirga a ciki, in karɓi rasit, in shirya kuɗin a jikina kafin in fito titi. Masu tare ka a hanya suna cewa za su ba ka farashi mai tsoka, bar su da tsokarsu. Na kuma sayi layin waya na can a ofishin kamfanin da fasfona, wanda ya sa na samu damar kiran masauki a duk inda nake. Lambar gaggawa 112 ce.

Akwai samarin da ake kira papasi, 'yan kamasho ne na baƙi. Suna tsaye a bakin tashar jirgin ruwa da hanyoyin da baƙi ke bi, su manne maka da hira, su ce za su nuna maka gari, ko su kai ka shagon ɗan uwansu, ko su samo maka jirgin zuwa tsibiri da araha. Yawancinsu ba ɓarayi ba ne, abinci suke nema, kuma ban ga dalilin wulaƙanta su ba. Sai dai duk abin da ka saya ta hannunsu da ladansu a ciki, kuma in ka biya kuɗin yawon gobe a hannun wanda ba shi da ofis, to goben tana iya zuwa babu shi. Na koyi cewa "hapana, asante", wato a'a, na gode, in faɗa sau ɗaya da sakin fuska in ci gaba da tafiya. Wanda ya tsaya bayani ya buɗe ƙofar ciniki. Ɗan jagoran da ya zaga da mu gari da gonar kayan ƙamshi Baba ne ya haɗa mu, yana rataye da katin shaidarsa.

Ɗaya daga cikin samarin nan, da ya ji sana'ata, ya biyo ni har bakin masallaci ya ce zai samo mini kanumfari buhu-buhu a farashin gona, a fitar mini da shi ta kwalekwale. Ina jan kunnen 'yan uwana 'yan kasuwa a kan wannan da babbar murya. A Zanzibar hukumar ciniki ta gwamnati ce ke sayen kanumfari daga manoma tana fitar da shi waje, akasarinsa ma a tsibirin Pemba ake noma shi. Abin da yaron yake tallata mini sunansa fasa-ƙwauri. Ko dai a karɓi kuɗinka a ɓace, ko kayan su zo a kama ka da su a ƙasar da ba ka da kowa. Ɗan abin tsaraba a ƙulli daga kasuwa babu laifi. Wanda yake son sari na gaske ya bi ta ƙofar hukuma da takardu.

Da magariba kowa yana gangarawa lambun Forodhani a bakin ruwa, kusa da tsohuwar ganuwa, inda masu gashi ke jera tebura da fitilu: kifi, jatan lande, tsire, ruwan rake da citta da lemun tsami. Wuri ne mai daɗi, iyalai da yara ko'ina. A tambayi farashi kafin a ɗora a wuta, a kuma zaɓi wanda ake gasawa a gabanka, don kifin da ya daɗe a tebur yana iya kwantar da mutum kwana biyu. Ruwan sha na gora muka riƙa saye.

Daga birni muka koma Paje a gabashin tsibirin. Akwai motocin haya da suke kira daladala, masu araha ƙwarai, amma da akwatuna da iyali na gwammace tasi. Mun tsaya a dajin Jozani muka ga jajayen biran nan da babu irinsu sai a Zanzibar. A hagu suke tuƙi, abin da ya sa duk tsallaka titi sai na duba sau biyu, kuma shi ya sa ban ba kowa shawarar hayar babur ba.

A masaukin Paje muka haɗu da ango da amarya 'yan Gombe. Jin Hausa a bakin teku ya sa muka zama 'yan uwa nan take, matan suka shige ɗaki suna hira, mu muka zauna a baranda. Yaro ne mai ladabi, ma'aikacin banki. Washegari da la'asar sai ga shi a guje, ƙafa duk rairayi, yana cewa, "Baba, an ɗauke jakar!" Sun gangara wani wuri can nesa da masauki inda babu jama'a, don amarya ta samu sakewa ta sa ƙafa a ruwa. Ya ajiye 'yar jakarsa a kan rairayi ya rufe da tawul, suka shiga ruwa suna ɗaukar hoto da wayarta. Da suka juyo tawul na nan, jaka babu. A ciki akwai wayarsa, da katunan banki, da kuɗi, da fasfonsa.

Ban ga amfanin faɗa ba, wanda abin ya sama ya riga ya ji a jikinsa. Na ce ya zauna ya sha ruwa. Da wayar amarya ya fara rufe katunansa da layinsa, don a yau wanda ya riƙe layinka ya riƙe asusunka. Manajan masauki ya haɗa mu da mota muka je ofishin 'yan sanda, aka rubuta rahoto aka ba shi takarda, wadda in babu ita babu abin da zai motsa, ko inshora ko ofishin jakadanci. Allah ya taimake shi amarya tana da hoton fasfonsa a wayarta tun lokacin neman biza. Ofishin jakadancin Najeriya yana Darussalam, ba a tsibirin ba, saboda haka sai da suka katse hutunsu suka hau jirgin ruwa, tafiyar kusan awa 2, don neman takardar komawa gida ta gaggawa. Na ranta masa abin da zai isa, ya mayar mini bayan sun koma Gombe. Amarya tana kuka tana cewa ita ta ja, maiɗakina ta rungume ta tana cewa, "Haba ƙanwata, dukiya ce, ba rai ba."

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne dalilin da ya kai su wurin. Kunya ce, irin tamu, kuma abin yabo ce. Matanmu ba za su shiga ruwa a gaban taron Turawa masu 'yan kamfai ba, don haka sai miji ya nemi wurin da babu kowa. Amma wurin da babu kowa shi ne wurin da babu mai gani. Mu abin da muka yi, da sassafe bayan sallar asuba muke fita, a daidai gaban masaukinmu inda maigadi yake hango mu. A lokacin baƙi suna barci, sai matan garin da ke noman ciyawar teku suna tafiya cikin ruwa da zannuwansu, maiɗakina ta saje da su. Ba ma ɗaukar komai sai makullin ɗaki a ɗaure a wuyan hannu. In muna son hoto, ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya da waya. Bayan faɗuwar rana kuwa, wadda ke faɗuwa wajen shida da rabi kusan duk shekara, ba ma taka rairayin nan sai inda fitilun masauki suka kai. Ma'aikatan wurin da kansu suka ce an sha tare masu yawon dare a wuraren da babu gidaje, wani lokaci da makami. In hakan ta faru da mutum, ya miƙa abin da aka nema. Ɗakin ma a duba shi tun ranar farko: sakatar ƙofar baya, tagar banɗaki, da abin da aka bari kusa da taga wanda hannu ko sanda za su iya jawowa. Na tafi da ƙaramin kwaɗo na riƙa kulle akwati duk lokacin da za mu fita.

Duk da haka, in aka tambaye ni abin da ya fi ba ni tsoro a Zanzibar, ba ɓarawo ba ne, teku ne. Mu mutanen tudu ne. Ruwan da yawancinmu muka taɓa shiga shi ne Wikki a Yankari, mai ɗumi, garai-garai, kana ganin ƙafarka, yadda ka bar shi jiya haka za ka same shi yau. Teku ba ya zama wuri ɗaya. A gabashin Unguja ruwan yana janyewa ya yi nisa har ka hango shi can kamar zare, ya bar fili fetal, sannan ya dawo. Sau biyu yake yin haka a yini da dare, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Baƙo sai ya ga fili ya kama tafiya, yana tsintar kwanson kifi, bai san ruwan yana zagayowa ta ramukan bayansa ba. Masunta sun san lokacin sarai, masaukai ma suna rubuta shi a allo. A tambaya kafin a taka. A kuma sa takalmin roba, don akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke kwance a tsakanin duwatsu, in ta soki ƙafa ƙayar karyewa take a ciki. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, komai kiran da abokai za su yi masa. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya janyewa sosai, wanda ke nufin zurfi yana kusa da gaɓa.

Haka batun jirage. Mutanen tsibirin ba su manta da Satumban 2011 ba, lokacin da jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba saboda lodin da ya wuce kima, ɗaruruwan mutane suka rasu. A Yulin 2012 wani jirgin, Skagit, ya kife a hanyarsa daga Darussalam. Baba mai masaukinmu na birni ya rasa mutanen da ya sani a na farkon, da yana ba ni labari sai da muryarsa ta sauya. Manyan jiragen da ke zirga-zirga yanzu masu sauri ne kuma da tsari, ana sayen tikiti a ofishinsu da fasfo, ba a hannun masu tare mutane a bakin ƙofa ba. A kula da lokaci kuma, domin a lissafin Swahili ƙarfe ɗaya na safe shi ne bakwai a agogo, don haka a dogara da abin da aka buga a tikiti. Ƙananan kwalekwalen da ke kai baƙi tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, su ne ke buƙatar ido. Ranar da za mu je, na tambayi mai jirgin rigunan kariya daga nutsewa. Ya ce babu komai, ruwa a kwance yake. Na ce ba za mu hau ba sai da su. Ya aika yaro ya kawo, muka saka, na ɗaure wa maiɗakina tata a kan hijabi. Wasu baƙi da ke cikin jirgin da suka gani su ma suka nema. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi a can, wanda zai iya ya kauce wa hawa ƙaramin jirgi a wannan lokacin. Sauro kuma yana nan, duk da sun rage zazzaɓin cizonsa ƙwarai, don haka ba mu kwana ba tare da gidan sauro ba.

Ranar dawowa na zuba tsarabar kanumfari da kirfa a jakar yadi, domin an hana jakar leda a Tanzaniya. Na kulle akwatunan, na sa aka naɗe su a filin jirgi, fasfo da sauran kuɗi da waya suka zauna a jikina. Muna kan layi wani mutum mai kyakkyawar shiga ya yi mini sallama, ya ce ya ga fasfona kore ne, yana da ɗan saƙon magani da yake so a kai wa ɗan uwansa a Abuja. Na ba shi haƙuri na ce ba na ɗaukar abin da ban ɗaure da hannuna ba. Ya sake roƙo har da haɗa ni da Allah, na sake ba shi haƙuri. Mutanenmu da dama suna ɗaure a gidajen yarin ƙasashen waje a kan irin wannan taimakon, wasunsu alhazai ne da ba su san abin da aka cusa musu a kaya ba.

Mun sauka Abuja rana ta riga ta yi, muka kwana gidan wani ɗan uwa, da sassafe muka kama hanyar Jos zuwa Bauchi, don ba na bin wannan hanyar da dare.